Ƙullin Sabulu a Gindin Randa

Shekara talatin da ɗaya ke nan ana cin abinci a zauren gidan Alhaji Halliru mai goro, a Gagarawa, duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Masu cin mutanen ƙauyukan kewaye ne, waɗanda ke tahowa salla a kan babur ko amalanke. Su ci, su sha ruwa, su yi addu'a, su kama hanya kafin la'asar. Ba sa gaza arba'in. Da Alhaji ya rasu, shekara shida da suka wuce, matarsa Hajiya Laure ta ci gaba da abin yadda ya bar shi: tuwon dawa, miyar kuka, da man shanu cokali ɗaya a kan kowane kwano.

Girkin bai taɓa zama matsala ba, domin maƙwabciyarta Jannatu kan shigo da hantsi su tuƙa tare. Wanke-wanken ne ya zama abin magana. Laure tana da ciwon suga, kuma tun bara fatar hannunta ta fara tsagewa duk lokacin da ta daɗe cikin ruwan sabulu. Wata tsaga a gindin babban yatsanta na dama ta yi wata biyu ba ta rufe ba. Likita a Gumel ya faɗa mata a gaban 'ya'yanta cewa hannun nan ya gama da wanke-wanke, in ba so take a kai ga yanka ba. Jannatu ba ta iya dogon sunkuyo, bayanta ya ƙi. Sau biyu ana kawo wa Laure mai aiki, sau biyu tana sallamarta, ta ce sadakar da za a jibga wa wata wahalarta ba tata ba ce.

Babban ɗanta, Abdulfatah, injiniya ne a Kano, aikinsa haɗa wa rijiyoyin burtsatse wutar sola. Shi a ganinsa a daina abincin, a riƙa kai buhun dawa masallaci, ita kuma ta koma wurinsa. Ƙanwarsa Naja'atu, ma'aikaciyar jinya a Gumel, ita ta kawo maganar injin wanke kwanuka, wanda ta gani a gidan wata abokiyar aikinta. Suka yi ta ja, Laure na zaune tana jin su, har suka tsaya a kan sharaɗi ɗaya. Za a sa injin, Abdulfatah zai ƙara faifan sola ya jawo famfo daga tanki. Amma ranar da aka sake ganin ciwo a hannunta, abincin Juma'a ya ƙare, ta haɗa kayanta sai Kano. Laure ta ce ta yarda. Ba ta ambaci sunansa ba, don ɗan fari ne. Ta dai dubi ƙasa ta ce Injiniya ya riƙe maganarsa, ita ma za ta riƙe tata.

Aka kafa injin a ɗakin girki cikin watan Fabrairu. Naja'atu ta zo da robobi biyu masu murfi, cike da sabulunsa. Kowane ɗaya bai wuce ƙaramin goro ba, gefe fari gefe shuɗi, an naɗe shi da wata leda siririya. Laure ta juya shi a tafin hannu ta ce ai wannan ƙulli ne, irin na gishiri da ake sayarwa a shago, ta kai shi baki za ta yage ledar da haƙori. Naja'atu ta riƙe mata hannu. Ta ce ba a yagewa, ba a rabawa biyu, ɗaya ake sa wa kowane wanki. Ta nuna mata wani ɗan aljihu mai murfi a jikin ƙofar injin, ta ce a nan ake sa shi, a danna murfin sai ya yi ƙara. Ta ce a ɓoye su kada jikoki su gani su zaci alewa ce, kuma kada a bari zafi ya buge su. Tana faɗa tana duba agogo, don tana da aikin yamma kuma motocin Gumel sun fara wuya. Laure ta ɗora roba ɗaya a kan kanta kusa da injin, ɗayar ta kai saman kabet a ɗakinta.

Juma'a shida abin ya tafi daidai. Kwanuka na fitowa da zafinsu, ba maiƙo ko kaɗan. Tsagar hannun ta rufe. Jannatu, wadda Bafulatana ce, Laure kuwa jinin Mangawa, don haka tsiya a tsakaninsu gado ce, ta riƙa cewa yanzu saura a kawo injin da zai riƙa tauna wa Laure tuwo.

Sai bazara ta shigo. Ɗakin girkin rufin kwano ne, da azahar ko ƙofar ba ta taɓuwa. Wata Talata Laure ta buɗe robar ta taɓa ƙullin, ta ji su da ɗumi, sun ƙara laushi. Maganar Naja'atu ta faɗo mata. Ta tsaya tana tunanin inda za ta kai su, a gidan da babu wurin da zafi bai shiga ba.

Shekara arba'in ta yi da mai goro. Ta san abin da ake yi wa abu mai daraja da ba ya son zafi. Ta ɗauko ƙaramin kwandon da Alhaji ke ware goron baƙi a ciki, ta shimfiɗa tsumma, ta jera ƙullin sabulun ɗaya bayan ɗaya. Ta jiƙa algarara, buhun nan da ake lulluɓe goro da shi, ta matse, ta lulluɓe kwandon, ta ajiye a kan jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Safe da yamma tana yayyafa wa algararar ruwa, kamar yadda ta yi wa huhun goro tun tana amarya. Ta ji daɗin dabarar, har ta yi niyyar faɗa wa Naja'atu, sai ta manta.

Ranar Juma'a ta ɗaga algarara, ta ɓanɓaro ƙulli ɗaya da ya ɗan manne da na kusa da shi, ta sa a aljihu ta kunna. Da injin ya tsaya ta buɗe, kwanukan na nan da maiƙonsu, kuka ta bushe a gefe. Ƙullin kuwa yana cikin aljihun, ya liƙe kamar ƙaro a jikin itace, rabi ya narke rabi bai narke ba. Ta kankare shi da cokali, ta goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, ta sa wani. Haka ya sake yi. Kafin nan rana ta yi ƙasa, batir ba zai ɗauki wani wankin ba.

Washegari da safe ta sa sakata a ƙofar gida, ta haɗa ruwan sabulu a baho, ta wanke kwano arba'in da uku da hannu.

Ta yanke wa kanta cewa zafin ya riga ya taɓa su kafin ta cece su, don haka ta ƙara yawan yayyafin. Juma'a ta biyu abin ya fi muni. Ta uku, da ta tsame hannunta daga baho, ta ga jan layi a gindin babban yatsa, daidai inda tsohuwar tsagar take. Ta daɗe tana kallonsa. Ta shafa maganin da ya rage, ta ɗaure da ƙyalle.

Ranar Litinin Abdulfatah ya bugo waya. Ya ce yana da aiki a Sule Tankarkar ranar Alhamis, zai kwana can, ya zo Gagarawa sallar Juma'a, ya kuma yi kewar tuwon gida. Ya tambayi injin. Ta ce yana nan. Ya tambayi hannu. Ta ce Allah ya kawo shi lafiya, ta tambayi yara.

Jannatu ce ta gano, da ta shigo aron rariya ta ga ƙyallen. Ba ta yi tambaya ba, ta kama hannun ta kwance ta duba. Laure ta faɗa mata komai, ban da maganar kwando, don ba ta ga alaƙarsa da abin ba. A ganinta injin ne ya lalace, kuma in ta kira Naja'atu, kafin la'asar maganar ta isa Kano.

"To ke da kika sa sakata, injin kike ɓoye wa ko ni?" in ji Jannatu. "Mutanen nan naku, ko ciwo sai sun yi masa rowa."

Ta ce akwai ɗan wanta a Maigatari, Mannir, mai gyaran firji da injin wanki. Ya yi shekara goma yana aiki a wani otal a Damagaram, babu irin na'urar da bai buɗe cikinta ba. Ta kira shi a nan take. Ya ce Alhamis ranar kasuwa ce, ba zai iya barin shago ba, amma zai zo Laraba.

Ya zo da hantsi a kan babur, mutum ne mai kimanin shekara arba'in da biyar, da jakar kayan aiki a baya. Ya durƙusa ya gaida su, ya sha ruwa, sannan ya shiga ɗakin girki. Laure ta zauna a kujera 'yar tsuguno a bakin ƙofa tana kallo. Ya zaro matacin da ke ƙasan injin ya ɗaga shi a haske. Ya juya fikafikan da ke fesa ruwa, ya tsokaci ƙofofinsu da allura. Ya auna wutar, wadda yake kira kuran irin na mutanen ƙetare, ya ce tana zuwa daidai. Ya kunna injin babu komai a ciki, ya kara kunne, ya bari ruwan ya yi zafi ya taɓa. Ya danna murfin aljihun sau biyar, sau biyar yana buɗewa. Ya yi kusan awa ɗaya, sannan ya miƙe ya ce shi bai ga ciwo a jikin injin nan ba.

Ba haka Laure ta so ji ba. Da ya ce wani ƙarfe ne ya karye, da ta san abin da za a saya kafin Juma'a.

Mannir ya goge hannu ya ce, in ba za ta damu ba, yana so ta yi a gabansa, tun daga farko, yadda take yi kullum, kada ta tsallake komai. Ta jera kwanuka shida da aka ci abincin safe a ciki. Ta fita tsakar gida, shi yana biye, ta sunkuya a gindin randa ta ɗaga algarara.

Ya tsaya. Ya tsuguna ya leƙa kwandon. Ƙullin sun haɗe sun zama curi ɗaya, shuɗin ya zubo ya rina tsumman. Ya dubi algararar, ya dubi yashin, ya dubi Laure, sannan ya juya kai gefe ya yi kamar tari ya sarƙe shi.

"Hajiya," ya ce da ya samu kansa, "wa ya ce a yi musu haka?"

Ta ce yarinyar ce ta ce kada zafi ya buge su.

"Allah ya ji ƙan Alhaji. Wallahi da goro ne, sai ya kai baɗi bai yi komai ba."

Jannatu, wadda ta leƙo ta bayansu, ba ta yi tari ba. Ta zauna a bakin rijiya ta yi dariya har da hawaye, ta ce shekara talatin tana faɗa wa mutane Mangawa sabulu suke ci da safe, ba wanda ya yarda, yau ga shi an kama su suna yi masa ajiyar goro.

Laure ta ce da Mannir ya yi mata bayani yadda za ta gane.

Ya nemi kofin gilashi da ruwa. Ya yago 'yar ledar daga gefen curin ya jefa a ciki, ya ce ta kalla. Ledar ta lanƙwashe, ta yi yauƙi, kafin a ƙirga ashirin ta ɓace. Ya ce wannan ba irin ledar shago ba ce, an yi ta ne don ruwa ya cinye ta, shi ya sa ba a yagewa. Ita ba ta san bambancin ruwan inji da ruwan algarara ba, duk wanda ya fara taɓa ta, shi za ta bi. In ta fara narkewa tun a kwando, da an sa ta a aljihu sai ta kama jikin robar. Murfin zai buɗe a kan lokaci, amma ƙullin ba zai faɗo ƙasa inda ruwan zafi yake ba. Kwanukan kuwa ruwa zalla suka yi ta sha mako uku.

Ya ce abu uku ne ba sa son danshi: wurin ajiya, da hannun da zai ɗauka, da aljihun da za a sa. Ko alwala ta yi, ta goge hannu sosai kafin ta taɓa. Aljihun ma a goge shi da busasshen tsumma. Robar da suka zo a ciki ita ce gidansu, a rufe ta gam, a kai ta ɗakin da ya fi inuwa, shi ke nan. Ɗumin ɗaki ba zai kashe su ba. Ya kuma nuna mata babban tiren da take jinginawa a gaba, ya ce a riƙa kai shi gefe, kada ya tare murfin.

Laure ta tambaya ko za a iya shanya waɗannan. Ya ce a'a, sun tafi, a tattara a ƙulle a leda a kai inda akuya ba za ta kai baki ba. Ya ce matsalar ita ce bai san mai sayar da irinsu a Maigatari ko Gumel ba, sai dai a yi saƙo Kano, wanda ba lallai ya iso kafin Juma'a ba.

Laure ta shiga ɗaki. Ta taka kujera ta sauko da roba ta biyu daga saman kabet. Hatiminta na nan, ba a taɓa ba. Tun makon jiya take niyyar juye ta a kwandon, ciwon hannu ya hana ta jiƙa wata algararar. Ta miƙa wa Mannir. Ya yanke hatimin, ya zuba 'yan kaɗan a tafin hannu. Kowanne daban, a bushe, suna santsi.

Ya mayar, ya ce ita za ta sa da kanta. Ta goge hannun hagu da gefen zani, ta sake gogewa, ta ɗauki ɗaya ta sa a aljihun da ya riga ya busar, ta danna murfi ya yi ƙara. Bayan kamar minti goma sha biyar da kunnawa aka ji wani ƙas daga ciki, da ƙarar abu ya faɗa ruwa. Mannir ya ɗaga yatsa ya ce ta riƙe wannan ƙarar a kunnenta. Kwanuka shidan suka fito tas, aljihun babu komai. Ya ci tuwon da ya rage, ya hau babur ya tafi kafin azahar.

Saura hannu. Ranar Alhamis tsagar ta daina ruwa, amma tana nan a buɗe, tsawon ƙwayar shinkafa biyu. Jannatu ta zo da shawara: a kwaɓa lalle a ƙunsa mata hannu biyu, gobe ko likita bai isa ya gani ba. Laure ta yi shiru har Jannatu ta ɗauka ta yarda, ta miƙe za ta ɗauko garin. Sai Laure ta ce ta bari. Ta ce a waya ta riga ta kauce wa Injiniya sau ɗaya, ba za ta ƙara da lalle ba. Ta ɗauki waya ta kira Naja'atu, ta ce in tana da hali ta zo gobe da kayan wanke ciwo. Naja'atu ta yi tambaya uku a jere, Laure ta ce sai ta zo.

Abdulfatah ya iso kafin salla. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya gaishe ta, idonsa ya sauka a kan farin ƙyallen, ya ɗauke. Ya tafi masallaci, ya dawo da mutane, ya zauna a zaure ya ci tare da su. Laure tana jin muryarsa yana amsa addu'a. Mutum arba'in da ɗaya suka ci ran nan. Da suka watse, shi da kansa ya kwaso kwanukan ya jibge a ƙofar ɗakin girki. Naja'atu ta riga ta iso, tana tsaye da jakarta.

Ya ce a kwance ƙyallen. Naja'atu ta kwance. Su biyun suka sunkuya a kan hannun.

"Hajiya, mun yi magana," ya ce.

"Mun yi. Ban musa ba, ga shi kana gani. Juma'a uku na wanke da hannu, na sa sakata don kada a gani. Laifin ba na injin ba ne, nawa ne. Amma kafin ka ce komai, zauna ka ga wanki ɗaya."

Ta ba su labarin kwandon a taƙaice, ba ta rage ba, ba ta yi wa kanta ado ba. Naja'atu ta rufe baki da mayafi. Da ta buɗe ta ce ita ce ba ta yi maganar ruwa ba, sauri take yi ran nan, kuma a rubuce yake a jikin robar. Abdulfatah ya tambaye ta da wane harshe aka rubuta. Ta duba, ta ce Faransanci da Turanci. Ya ce madalla, ai duk biyun Hajiya ta haddace su. Wannan ne kaɗai abin da ya yi kama da wasa da ya fito daga bakinsa, kuma bai yi murmushi ba.

Laure ta share ragowar tuwo da cokali ta jera kwano ashirin da ɗaya, ta kai tire gefe. Ta goge hannu, ta goge aljihu, ta sa ƙulli ɗaya ta rufe. Ƙarfe uku saura kwata ta kunna.

Suka zauna a inuwar baranda. Naja'atu ta wanke ciwon, ta matsa gefensa, ta tambaya ko da zafi. Ta ce da yayanta bai yi zurfi ba, bakinsa ya fara bushewa, in hannun bai sake shiga ruwa ba zai rufe cikin mako biyu. Abdulfatah ya tashi ya je ya duba batir, ya hau tsani ya goge faifan sola, ya sauko ya sake zama. Laure ba ta bi shi da ido ba, kunnenta na ɗakin girki. Da ƙarar ta zo, ƙas, sai ta sauke numfashi ta gyara zama. Suka yi la'asar, injin na ta aiki.

Ƙarfe huɗu da minti ashirin ya tsaya. Abdulfatah ya buɗe, tururi ya bugi fuskarsa. Ya fara duba aljihun, ya zura yatsa ya shafo, babu komai. Ya ɗauki kwano ɗaya ya fito da shi rana, ya goga babban yatsa a ciki har ya yi ƙara. Ya ajiye ya ɗauko wani daga baya, da wani daga sama, da wanda ke kusurwa. Sai da ya duba bakwai. Ya sunsuna na ƙarshe.

Ya dawo ya zauna a tabarma, ƙasa da kujerarta. Ya ce sharaɗin da suka yi a kan hannu ne, ba a kan inji ba, kuma hannu ya yi ciwo. Laure ta ce haka ne.

Sannan ya ce abin da ya fi damunsa sakatar ce. In da ranar farko ta kira, da minti biyar ya isa. Ya ce Naja'atu za ta riƙa zuwa duk Asabar ta duba hannun ta turo masa hoto. In ya rufe cikin mako biyu, maganar Kano ta mutu, ba zai sake tayar da ita a kan wannan ba. In kuma wata rana injin ya ƙi, ko wuta ta ƙi, kwanukan su kwana da dattinsu har mako in ta kama, a kira shi.

"Ko da kunya," ya ce.

"Ko da kunya," in ji ta.

Ta tashi ta jera sauran kwano ashirin, don rana ta fara karkata kuma ba ta so batir ya gaza a tsakiya. Naja'atu ta nemi ta taya ta, ta ce ta bari. Abdulfatah ya ce zai sauke ƙanwarsa a Gumel ya wuce, yana so ya shiga Kano da haske. Ta raka su har zaure, ta sa musu albarka, ta tsaya har ƙarar motar ta ɓace.

Da ta dawo ta zauna a baranda, sai ta ji ƙafafunta sun yi nauyi, kamar wadda ta dawo daga doguwar tafiya. Ta miƙe su. Ta ɗora hannun mai bandeji a cinya ta bar shi ya huta.

Jannatu ta leƙo ta kan katanga, ta tambaya ko ta fara neman kwalayen da za a zuba kaya, don ita ta riga ta zaɓi tukunyar da za a bar mata.

Laure ta ce tukunyar tana da aiki. Ta ce in Jannatu za ta aika niƙa ranar Laraba, ta haɗa da tata dawar, tiya biyar, kuma a gaya wa Shehu mai inji na makon jiya bai yi laushi ba.